Irin Dawar da Malam Tanimu Bai Shuka Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, zamanin da rediyo ɗaya ke isar unguwa guda. Sunansa Malam Tanimu. Aikinsa karanta talla a gidan rediyo, ya shekara talatin yana yi.

Ku saurara ku ji halinsa. Ba ya tallata abin da bai gwada da kansa ba. In sabulu ne, sai ya yi wanka da shi kwana bakwai. In man shafawa ne, sai ya shafa. Har abincin kaji ya taɓa ɗanɗanawa, ya ce akwai ɗan gishiri-gishiri. Abokan aikinsa suka sa masa suna Baban Kaji. Amma a ƙauyuka, in Tanimu ya ce abu yana da kyau, magana ta ƙare.

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, wani ɗan kasuwa ya kawo tallar sabon irin dawa, wai gonar da ke ba da dami uku za ta ba da goma. Manajan gidan ya miƙa wa Tanimu takarda. Tanimu ya ce a ba shi tiya ɗaya ya shuka a bayan gida, in kaka ta yi sai ya karanta.

Manaja ya ce, "Baban Kaji, wa zai sayi iri bayan an girbe?"

Tanimu ya ce to a ba wani ya karanta. Ɗan kasuwa ya ce shi muryar Tanimu ya zo nema.

Tanimu yana fitowa sai Isiyaku mai ɗaukar murya ya tare shi, wai an kawo sabon makirufo, ya taimaka a daidaita sauti. A sana'arsu kullum ana haka: takardar da ke kusa ita ake karantawa, ba a ɗauka. Takardar da aka aje kan tebur, ta dawar ce. Ya karanta, har da ɗan gyaran muryar da aka san shi da shi. Ashe faifai yana juyawa.

Washegari ya ji kansa a rediyo yana yabon abin da bai shuka ba. Ya roƙi a bar shi ya warware, aka hana. Ya aje aiki, ya hau keke yana bin kasuwannin ƙauye, yana cewa kada a saya, bai gwada ba.

Ga abin da har yau yake ba ni mamaki, jama'a. Ba wanda ya san fuskarsa. Ɗan siriri ne, kuma ihu ya dusashe masa murya. Sai mutane su yi dariya, su ɗaga rediyo su ce, "Kai ne Tanimu? To ga Tanimu nan yana magana." Mutum a tsaye gabansu, suka gaskata akwati.

Aka saya, aka shuka. Dawa ta yi tsawo, ta yi kore shar, ba ta fid da zangarniya ba. Rumbuna suka zauna wayam.

Wani tsohon manomi ya nemo gidansa, ya tsaya a ƙofa ya ce, "Malam, me muka yi maka?"

Tanimu bai ambaci Isiyaku ba, bai ambaci manaja ba. Ya ce, "Ni na karanta." Ya buɗe rumbunsa ya yi ta rabo har ya ƙare. Hatsin bai ishi ko ƙauye ɗaya ba.

Na riske shi ya tsufa, baya ga gaisuwa da salla ba ya magana. Na tambaye shi abin da shekara talatin ta koya masa. Ya ce, "Babu gwaji a magana. Ko ka zaci ba a ɗauka, ana ɗauka." Wani lokaci nakan ji kamar muryar nan tana nan tana yawo a sama, tana neman mai ita.

To jama'a, bakinka amana ne, mutane suna shuka a kan maganarka. Kai mai rantsuwa a kan kayan da ba ka buɗe ba, ke mai tura wa 'yan'uwa tallar magani a waya ba ki sha ba, ana ɗauka. Tanimu sau ɗaya ya yi, da yaudara ma, bai sake dariya ba har ya mutu. Mu kullum muke yi da gangan, abinci kuma yana mana daɗi. Wannan shi ne abin da ke tsorata ni. Allah Ya ji ƙansa, mu kuma Ya tashe mu.