Kinuyo A Gefen Manya

Akwai wata mata mai suna Kinuyo a wani ƙaramin gari na bakin teku, can kudancin Japan. Ta haura shekara arba'in lokacin da ta ajiye aikinta na kantin magani a Fukuoka ta dawo gida, saboda mahaifinta Genzo ya fara fita da safe yana ɓata a layin da aka haife shi.

Likita ya ce ciwon mantuwa ne, kuma ba ya komawa baya.

Genzo malamin takobi ne. A bayan gidansu akwai ɗakin horo mai daɓen katako, inda zuriyarsu ke koyar da faɗa da takubba biyu tun zamanin kakanni, dogo a hannun dama, gajere a hagu. Salo shida suka gada, kuma daga jiki zuwa jiki ake miƙa su. Ɗaliban waje, salo biyu na farko kawai ake ba su. Sauran na magaji ne shi kaɗai, magajin kuwa yayan Kinuyo ne, wanda ya rasu a haɗarin mota shekarun baya.

Ita Kinuyo, abin da ta iya a ɗakin nan bai wuce goge daɓe ba.

Ba mantuwar tasa ce ta fi damunta ba. Abin da ba ta iya jurewa shi ne lokutan da hankalin tsohon ke dawowa sarai. Sai ya je ya zauna gaban maratayin takubban katako, har abinci ya huce a gefensa.

"A hannuna gadon nan zai mutu, Kinu," in ji shi wata rana. "Kowa ya karɓa ya miƙa. Ni ne zan je in ce wa kakanni na zubar a hanya."

Ba ta da magani a kan wannan. Sai ta ce ya koya mata.

Genzo ya dubi damatsanta ya yi dariya har da tari. Ya ce waɗannan hannayen ba su taɓa ɗaga abin da ya fi kwalin maganin mura nauyi ba. Amma washegari ya miƙa mata takubba biyu.

Yadda ake horon kuwa, babba yakan tsaya a gefen manya, wajen allon da ke ɗauke da sunayen kakanni, ya riƙe takobi ɗaya ya kawo sara. Ƙarami yakan tsaya ta bakin ƙofa da takubba biyu, ya tare, ya rama. Babba ne ke shan kaye kullum, don ƙarami ya koyi yin nasara. Shi ya sa kusan duk rayuwarsa ta malanta takobi ɗaya Genzo ke riƙewa. Abin da mai takubba biyu zai yi, da baki yake faɗa.

Kinuyo ta sha wahala. Dogon takobin ya ƙi tsayuwa a hannu ɗaya, bakinsa sai ya riƙa sunkuyawa ƙasa. Idan ta ɗaga dama, hagu sai ta ɗagu ita ma ba a aike ta ba, takubban su yi karo a gaban hancinta. Da yamma kafaɗunta kan yi zugi har ta kasa riƙe sandunan cin shinkafa, sai da cokali.

"Hagunki na bin damanki kamar ƙanin da ba shi da abokai," Genzo kan ce. "Kuma wannan riƙon, takobi ne ko ludayi?"

"Ludayin ne dai ke ciyar da kai, Baba."

"Miyar ma ba ta da gishiri."

Da wannan ce kaɗai matsalar, da sauƙi, don jiki yana sabawa. Babbar damuwar ita ce bayanin ba ya zama ɗaya. Yau ya ce gajeren takobi a saman kai yake, gobe ya ce a ƙugu, ya kuma rantse bai taɓa cewa a saman kai ba. Saransa dai bai taɓa canzawa ba, yana zuwa daidai inda ya zo jiya. Amsar saran ce ta rikice a bakinsa.

Ta jingina wayarta a bango ta ɗauki bidiyon horon. Da ta kalla, babu abin da ta gani sai kurakuranta.

Wata safiya ta tare yadda ya ce mata jiya, takobinsa ya sauka a kan yatsunta. Genzo ya tsaya yana kallonta tana riƙe da hannu, ya tambaye ta wa ya yi mata haka.

Da hannun a kumbure ta hau jirgin ƙasa ta je wurin Nagamine, wanda shi ne babban ɗalibin mahaifinta kafin ya tafi ya buɗe nasa wurin horon a birni. Ya karɓe ta da mutunci, ya zuba mata shayi, ya saurare ta har ƙarshe. Ta roƙe shi ya riƙa zuwa ko sau ɗaya a mako, ko idonsa zai gane abin da tsohon ke nufi.

"'Yar Malam, bari in gaya miki gaskiya," in ji Nagamine. "Na tsufa a ɗakin nan ina roƙon salo na uku, ya ce ni ba jininsa ba ne. To ga jinin ya zo, sai ku ƙarasa."

Ya ƙara mata shayi, ya ba ta shawara ta nema wa tsohon gidan kula da tsofaffi, ɗakin horon kuma a rushe a yi wurin ajiye motoci, tunda kusa da tasha yake. Ta rusuna ta yi godiya ta fito. A jirgi ta rasa wanda za ta ji haushi. Nagamine bai yi ƙarya ba.

Da damina ta kankama, Genzo ya fara rasa gane ta. Yakan kira ta Malam Jinbe, wato kawunsa da ya koya masa takobi yana yaro, wanda ya rasu tun kafin a haife ta.

"Baba, ni ce Kinu. 'Yarka," takan ce.

Mace ce da ta saba gaya wa marar lafiya gaskiya, ko mai ɗaci ce. Takan ɗauko hotuna ta nuna masa, ta faɗa masa shekarar da ake ciki, ta tuna masa kawun ya daɗe a kabari. Duk lokacin da ta yi haka sai fuskarsa ta cika da tsoro, ya shiga ba ta haƙuri kamar baƙon da ya shiga gidan da ba nasa ba. Ranar babu horo, babu hira. Ta gyara masa, ta sake gyara masa, kullum abin sai ƙara lalacewa yake.

Wata safiya ana ruwa ta duba shimfiɗarsa ba ya nan. Ta same shi a ɗakin horo. Ya goge daɓen tsaf, ya durƙusa ta bakin ƙofa, a gefen ƙanana, da takubba biyu a gabansa. Yana ganinta ya kai goshi ƙasa.

"Malam, na makara, a yi mini afuwa. Inna ce ta aike ni sayen kifi."

Kinuyo ta buɗe baki za ta faɗi abin da ta saba faɗa. Sai ya ɗago kai. Tunda ta dawo gida ba ta ga fuskarsa haka ba, babu tsoro, babu kunya, sai ɗokin yaro da ke jiran a fara. Ta san idan ta yi magana, fuskar nan za ta rushe a gabanta. Ba ta yi tunanin salo ko gado ba a lokacin. Tausayinsa ne kawai ya hana ta.

"Tashi," ta ce. "Kada ka ƙara."

Ta taka zuwa gefen manya, inda ƙafarta ba ta taɓa zuwa ba sai da tsumman goge-goge. Ta ciro takobi ɗaya. Sai ta ga ashe ta san saran duka, tunda watanni ta yi suna sauka a kanta.

Ta kawo na farko a hankali, ta karkatar da shi gefe. Genzo bai ko motsa ba.

"Malam yana jin tausayina yau," ya ce, ransa a ɓace.

Ta gane abin da ake nema. Idan saran ba na gaske ba ne, jikinsa ba zai amsa ba. Idan kuma na gaske ne jikin bai amsa ba, za ta fasa kan tsoho mai shekara tamanin da hannunta. Ta ja numfashi, ta kai sara tsakiyar kansa da duk ƙarfinta.

Takubban nan biyu suka tashi suka gitta, suka cafke nata a sama. Gajeren ya danne shi ƙasa, dogon ya zagayo ya tsaya cak a maƙogwaronta. Ba ta ga lokacin da ƙafarsa ta matsa ba.

Abin da bakinsa ya kasa faɗa na tsawon watanni, ga shi nan a jikinsa, babu ko tangarɗa.

Daga ranar ta daina gyara masa. Duk safiyar da ya tashi yana yaro, ita ce Malam Jinbe. Takan jingina waya, ta tsaya a gefen manya ta sha kaye. Da rana, idan ya yi barci, ta ɗauki takubba biyu ta tsaya gaban gilashin taga tana bin abin da ta gani a wayar, guntu-guntu. Ba kullum ake dacewa ba. Wasu ranakun shi ba yaro ba, shi ba tsoho ba, yana zaune kawai yana kallon ruwa. Irin waɗannan ranakun sai ta zauna kusa da shi ta ɓare masa lemo.

Ta samu salo na uku. Ta samu na huɗu. Na biyar ya ɗauke ta har ƙarshen kaka.

Ranar da ta kawo saran salo na shida, Genzo ya ja da baya, ya sauke takubbansa.

"Malam bai koya mini wannan ba tukuna."

Ta sake gwadawa washegari, da bayan mako, amsar ɗaya ce. Yaron da ya koma bai kai shekarun da ake ba da na shida ba. Kuma ƙara ƙanƙancewa yake. Kafin sanyi ya shigo na biyar ya kuɓuce masa, sannan na huɗu.

"Yaushe za a koya mini na ƙarshen?" ya tambaye ta wata rana yana naɗe tsumma.

"Idan ka ƙara girma," ta ce. Ta fita tsakar gida ta yi kukanta, ta wanke fuska ta dawo.

Cikin hunturu aka samu wata safiya da hankalinsa ya dawo, abin da aka daɗe ba a gani ba. Ta same shi gaban maratayin takubba, ya kira ta da sunanta, ya fara maganar nan tasa ta cewa a hannunsa zai mutu.

Ta kama hannunsa ta kai shi gefen manya, ta ba shi takobi ɗaya. Ta koma bakin ƙofa ta ɗauki biyu, ta durƙusa ta kai goshi ƙasa.

Saransa ya yi rauni, amma ya zo daidai. Ta tare, ta danne, ta rama. Suka wuce na biyu suka shiga na uku, ta ga idanunsa sun buɗe. Da suka gama na biyar yana haki, sai da ya dogara da takobin.

"Wa ya koya miki?"

"Kai, Baba."

Ya nemi abin a kansa. "Ban tuna ba."

"Ba komai. Ni na tuna."

Ya tambayi na shida. Ta gaya masa gaskiya, ba ta samu ba. Ya karɓi takubbanta biyu, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga su. Ya daɗe a haka. Kinuyo ta tsaya da takobi ɗaya tana jira, ba abin da za ta iya yi masa. Can ya sauke su a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu, yadda ake miƙa wa magaji.

"To riƙe biyar ɗin da kyau," in ji shi. "Na shidan ni zan je in ba su haƙuri. Ɗaya ne, za su yafe."

Kafin la'asar ya tambaye ta ko ita 'yar wane gida ce.

Darasi: Idan tsufa ko ciwo ya ɗauke wa iyayenmu tunani, kada mu dage sai mun jawo su inda muke, domin ba za su iya zuwa ba. Mu ne za mu je mu same su inda suke, da haƙuri da tausayi. Ba duka za mu ceto ba, amma abin da ya rage a wurinsu, mai haƙuri ne ke samunsa. Ku tura wannan labari ga duk wanda kuka san yana jinyar tsoho a gida, ko zai rage masa nauyin zuciya.