Wanzamin da Ya Mayar da Ƙaho Cikin Zabira

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can baya. Wanzami ne, sunansa Jatau. Ba sarauta, ba dukiya, daga shi sai zabirarsa. Amma duk wanda jikinsa ya yi nauyi a garin nan, rumfarsa yake nufa.

Ku saurara da kyau.

Wata safiya sai ga Ukasha, wani saurayi maɗinki, wanda da allura yake ciyar da tsohuwarsa da ƙannensa. Yatsansa ɗaya ya kumbura suntum. Ya ce, "Baba, a kafa mini ƙaho. Kullum na tashi da safe hannun nan a ƙage yake, ko allura ba na iya riƙewa."

Jatau ya riƙe yatsan ya duba. Ya naɗe masa hannun riga, ya ga gwiwar hannu ta yi farin ɓawo, tana saɓa. Ya dubi faratansa, duk sun yi ƙananan ramuka. Sai ya mayar da ƙaho cikin zabira.

Ya ce, "Ɗana, wannan ba nawa ba ne. Ina yaro an kawo wa mahaifina mai irinsa. Ciwon fata ne da ke gangarawa cikin gaɓoɓi. Aka yi ta tsaga, aka yi ta jiƙo, har yatsun mutumin suka lanƙwashe, ba su sake miƙewa ba. Tashi mu je asibiti."

Ukasha ya ce, "Baba, a bari sai bayan Salla mana, ɗinki ya yi mini yawa."

Jatau ya ce, "Ciwon nan ba ya jiran Salla. Yau za mu je."

Jama'a, ranar kasuwa ce fa! Ya rufe rumfa, ya raka shi. Likita ya duba, ya ce sun zo a kan kari, ciwon bai riga ya ci gaɓa ba. Aka ɗora shi a kan magani.

To, me mutanen gari suka ce? Cewa suka yi Jatau ya zubar da gado, ƙahonsa ya daina ci. Wasu suka ɗauke ƙafa daga rumfarsa, ko aski ba sa kawowa. Jatau dai ya ci gaba da sana'arsa. Ukasha kuwa, har furfura ta fito masa yana ɗinki, yatsunsa a miƙe.

Wallahi da irin Jatau muke tinƙaho, 'yan'uwa. Ya san inda saninsa ya tsaya, ya faɗa, aka yi masa dariya, ya shanye. Wannan ita ce amana. Abin da ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, ka nuna inda aka iya. Kuma wanda ke zaune a nan da gaɓa a kumbure da fata tana saɓa, ko ya baro mai irinta a gida, kada ya ce sai an yi girbi. Ka tashi ka kai shi tun yatsun suna miƙewa.