Albashin Farko da Masu Jiransa

An ce a wani gari an yi wani saurayi, Nafi'u, wanda ya gama kwaleji ya samu aiki a kamfanin casar shinkafa. Al'adar gidansu kuwa, albashin farko gida ake kai shi a raba, kowa ya taɓa ya sa albarka. Tun da labari ya bazu 'yan'uwa suka shiga kiransa, shi kuma bawan Allah bakinsa bai iya a'a ba. Kowa ya kira sai ya ce, "To, in an biya."

Da aka biya ya duba wayarsa, sai kansa ya ɗaure. An cire haraji, an cire na fansho, abin da ya rage bai kai rabin wanda ya yi ta lissafawa a makaranta ba. Ga mai gidan haya ya ce ko ya biya a makon nan ko ya kwashe kayansa, ɗakin kuwa shi ne kusa da wurin aiki. Ya zauna bakin ƙofa da hantsi, ya rasa ta inda zai fara.

Wani tsohon ƙadangare, wanda ya ga shiga da fitar 'yan haya da yawa, ya leƙo daga katanga ya tambaye shi damuwarsa. Nafi'u ya zayyana masa komai. Ƙadangare ya ce, "Halinka ya tuna mini da Sallau." Nafi'u ya tambaya wane ne Sallau, sai ya ce ya saurara.

Sallau, in ji ƙadangare, saurayi ne da aka yankar wa gonarsa ta farko. Damina ba ta yi kyau ba, amma kunya ta hana shi faɗa. Ya ƙudura kowane ɗan'uwa sai ya kai masa dami, har da wanda ya ware don iri. Gwaggonsa ta tarar yana ɗaure na ƙarshe, ta ce ya dakata ta ba shi labarin Gambo mai kunu.

Gambo, in ji gwaggon, ranar da ta fara sana'a gasararta kaɗan ce, masu saye kuwa sun yi layi. Ta kasa cewa ya ƙare. Kowa ya miƙo kwano sai ta faki ido ta ƙara ruwa. Kowa ya samu, ba wanda ya ƙoshi, washegari ba wanda ya dawo. Gwaggo ta ce, "Da ta ce kunun ya ƙare, da gobe sun yi sammako."

Sallau ya ce ai shi ba ruwa ya ƙara ba, ya ɗauki damin ya kai. Da ruwa ya sauka, waɗanda suka ci hatsin ne suka riƙa tambayarsa me ya hana shi shuka.

Nafi'u ya ƙara rikicewa. Ya ce, "To ni wane ne a ciki, Sallau ko Gambo?"

"Duk biyun. Ɗakin nan shi ne irinka, 'to' ɗin da kake ta rabawa kuma ruwan kununka ne. Ka taɓa gaya wa wani nawa ake biyanka?"

Nafi'u kuwa ko mahaifiyarsa bai gaya wa ba. Tsoro yake a ce karatun nan duka iyakarsa ke nan. Can ya nisa ya ce ya ji, ya kuma yarda. Ya kira Inna, ya faɗa mata albashin yadda yake, da maganar haya.

Inna ta tambaye shi:

"Shi ke nan duka?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ashe da ka kawo, da mun cinye makwancinka muna sa maka albarka. Je ka biya mai gida. Ka sayo goro, ni zan raba, wanda bai ishe shi ba ya zo ya same ni."