Ladan Jatau Maɗori

Ku matso ku ji. Ni dai a aji huɗu na yi sallama da makaranta, ranar da na zuba wa malamin lissafi kwaɗo a aljihu, amma wannan labari ko masu manyan takardu a bakina suke jin sa, domin gwarzonsa Maigiɓi kakan kakana ne.

A zamanin da, an yi wani sarki mai son adalci, yana da waziri mai ƙwauron hannu. Ran nan Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, baitulmali sai ramewa yake. A kafa doka: duk wanda zai kama aikin fada, abin da tsoffin iyayen gidansa suke ba shi, shi za a ba shi. Ba ƙari, ba ragi." Sarki ya amince, aka yi shela.

Wanzamin wani attajiri, wanda ba ya gama aski bai yanki kunne ba, ya zo aka yanka masa wuri dubu ashirin a wata. Sannan aka kirawo Jatau daga Tungar Kanya, maɗorin da in ya taɓa ƙashi sai ka ce bai taɓa karyewa ba. Shi kuwa ubansa ya rantsar da shi kada ya kuskura ya yi ciniki da mai karaya.

Waziri ya ce, "Nawa ake biyan ka a can?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a biya na. Wanda ya warke yakan kawo kaza."

"Madalla. Kaza ɗaya a wata."

Ga mace, ga 'ya'ya shida, ga gona an baro. Kiran Sarki ba a ƙin sa, balle a koma gida. Kafin wata biyu matarsa Tasalla ta sayar da tabarmar kwanansu.

To, Maigiɓi ya taɓa faɗowa daga katangar liman garin tsokana, Jatau ne ya ɗora masa hannu. Da ya leƙa gidan Jatau ya ga murhu ba toka, sai ya ce, "Baba Jatau, kai ka yi rantsuwa, ni ban yi ba." Ya kama hanyar Tungar Kanya.

Ranar Juma'a fada ta cika, sai ga shi da mutanen ƙauye. Ya zube ya ce, "Zaki, dokar Waziri na zo karewa, ana tauye ta. Ga shaidu."

Wani dattijo ya ce, "Allah ya ja zamaninka, duk damina mu ke yin gayya mu nome masa gona."

Wani ya ce, "Baibayar ɗakinsa tamu ce."

Wata tsohuwa ta ce, "Ni ke kai ruwa, tulu huɗu kullum, tun da ya miƙar mini da jika."

Maigiɓi ya kwance wani ƙunshi. "Ba ƙari, ba ragi, in ji doka. Yanzu fada ce ubangidansa. Ga fartanya, ga tulu, ga ciyawa. A raba wa manya."

Waziri ya ce, "Kai, ɗan nema! Wannan ai ba lada ba ne!"

"Ranka ya daɗe, da shi ya ci, da shi ya ƙoshi."

Sarki ya sa hannun riga ya rufe baki, kafaɗunsa na rawa. Can ya ce, "Waziri, wa ya kawo dokar nan?"

"Ni ne, Allah ya ba ka nasara."

"To, fartanya taka ce."

Kashegari Waziri ya tuɓe alkyabba ya shiga gonar Jatau. Kunya uku ya yi, ya zame, ƙafa ta gurɗe. Aka kinkimo shi fada yana salati. Jatau ya durƙusa, ya shafa, ya ja, ƙafa ta koma mazauninta.

Waziri ya share gumi, ya ce a hankali, "Nawa ne, malam?"

Jatau ya ce, "Ranka ya daɗe, ba na ciniki."

Sarki ya ce, "Shi ba zai faɗa ba, mu ne ya kamata mu sani. Daga yau nauyin aiki za a duba, kada a sake tambayar kowa abin da ake ba shi jiya." Aka ba Jatau gida da rumbu, da lada ninkin na wanzami. Da maraice Tasalla ta ɗora tukunya, hayaƙi ya tashi.

Da Waziri ya warke, shi da kansa ya rungumo kaza ya kai. Fartanyar kuwa har gobe tana gidanmu. Mai musu ya zo, akwai sauran kunya ban nome ba.