Katakon da Habila Ya Ƙi Ɗauka

Akwai wani tsoho a wani gari, ana ce da shi Baba Istifanus. Aikinsa horar da masu zanen gine-gine ne. Ba 'yan koyo ake kawo masa ba, a'a, waɗanda suka riga suka gama makaranta ne, masu takardu, ake turo su su yi wata uku a hannunsa, ya koya musu yadda ake zana wa talaka gida mai sauƙin kuɗi wanda ba zai faɗo masa a ka ba.

Tsohon nan yana da wata al'ada da ɗalibansa suka ƙi jini. In mutum ya gama zanensa a takarda, sai Baba ya kai shi fili bayan makaranta, ya miƙa masa bokitin toka, ya ce ya zana gidan a ƙasa daidai girmansa, ɗaki da lungu da ƙofa. Sa'an nan a ɗauko wani baƙin katako da ke jingine a gindin darbejiya. Tsawonsa ƙafa shida da rabi, faɗinsa ƙafa biyu, wato daidai akwatin gawa. Mutum biyu za su ɗauke shi a kwance daga ɗakin ciki su fito da shi waje. Ba a karkata shi, ba a tsayar da shi, ba a ƙetare toka. In ya fita, zane ya ci. In ya maƙale, Baba ya sa ƙafa ya share tokar, ya ce, "Koma."

Wata shekara aka kawo wani mai suna Habila. Kai, mutumin nan kansa yana ja, ba zan ɓoye muku ba. Ya zana gida mai falo da ɗaki ɗaya, ya matse lungun da ke tsakaninsu, ya lanƙwasa shi sau biyu domin banɗaki ya samu wuri, ya yi tagogi ƙanana can sama kusa da kwano. Da ranar gwaji ta zo, ya dubi katakon, ya yatsine fuska.

Ya ce, "Baba, ni fa masu rai nake zana wa gida. Wannan abin tsoro kuma na mene ne?"

Baba Istifanus ya ce, "Ɗana, duk wanda ya shiga gidan nan da ƙafarsa, wata rana ɗauko shi za a yi."

Habila ya ce, "Talaka rufi yake nema, ba faɗin lungu ba. Bulo ɗari biyu na rage a kowane gida."

Baba ya ƙi sa masa hannu a takardar shaida. Habila ya naɗe zanensa ya yi gaba, ko sallama babu. Wani kamfani ya ga zanen ya yi murna, aka gina gida ɗari uku da shi a bayan gari, talakawa suka tare suna gode wa Allah. Sunan Habila ya tafi. Amma ku riƙe wannan: bai taɓa sa ƙafa a ko ɗaya daga cikin gidajen nan ba.

Shekara ashirin suka wuce. Baba Istifanus ya kwanta dama, aka nemi wanda zai gaje shi a aikin horarwa, sai aka ce ai babu kamar Habila. Ran da ya karɓi makarantar, abin da ya fara yi shi ne ya sa aka faskare baƙin katakon nan, aka dafa wa baƙi shinkafa da shi.

Wata Asabar da rana tsaka ya tuƙa motarsa zuwa rukunin gidajen, don ya ɗauko hotunan da zai nuna wa ɗalibai. Da ya sauka, sai ya ji unguwar shiru. A ƙofar kusan kowane gida akwai tsoho ko tsohuwa kwance a tabarma, a ɗan siririn inuwar bango. Ba wanda ya gaishe shi. Idanunsu ne kawai ke bin sa.

Ya zaga bayan gidajen, sai ya ga wani abin da babu shi a zanensa. A bangon ɗakin ciki akwai faci mai kusurwa huɗu, daidai ƙugun mutum, launinsa dabam da sauran bango. Ya wuce gida na gaba, ga shi nan. Na gaba ma haka. Waɗansu ko yaɓe ba a yi musu ba, an dai jera bulo ba siminti, kamar an san za a sake buɗewa.

Wata tsohuwa mai suna Rahila, wadda ta yi shekara talatin tana aikin jinya a asibiti, ta tashi zaune a tabarmarta. Habila ya nuna facin bangonta ya ce, "Mama, wa ya ba ku izinin ɓata gini haka?"

Ta ce, "Ta nan maigidana ya fita, yallaɓai. Mutumin da ya fara rasuwa a unguwar nan, tsayar da shi aka yi kamar naɗaɗɗiyar tabarma aka bi lungu da shi, kansa yana bugun bango, 'ya'yansa suna kallo. Tun ran nan muka ce ba za a ƙara ba. Mu nan ba ma aika sanarwar mutuwa. In ka ji guduma, ka ɗauki mayafi ka tafi."

Ya ce, "To ku me kuke yi a waje cikin zafin nan?"

Ta ce, "Muna sauƙaƙa wa yara ne. In mutuwa ta same mu a nan, ba sai sun fasa bango ba."

Maimakon jikinsa ya yi sanyi, sai ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ƙarya ne! Ni na zana gidan nan, ba ku iya ɗaukar kaya ba ne." Ya kutsa kai cikin gidan Rahila, kafaɗunsa suna gogar bango hagu da dama, don ya yi ƙiba ƙwarai. Ya isa ɗakin ciki, ya hau wani tsohon tebur don ya ɗauki hoton lungun daga sama. Ƙafar tebur ta karye. Ya faɗo da baya a kan ƙarfen gado.

Rahila ta shigo ta taɓa ƙafafunsa, bai ji ba. Ya buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ta kira maza maƙwabta ta ce, "Bayansa ya karye. Kada wanda ya naɗe shi ko ya zaunar da shi. A kwance za a kai shi asibiti, yanzu yanzu." Suka ciro ƙyauren ƙofar ɗaki, suka shimfiɗa shi a kai, mutum biyu suka ɗauka. Suka shiga lungu. A kwana ta farko ƙyauren ya tsaya cik. Suka ja da baya, suka sake gwadawa. Wayyo! Shi kuwa yana kwance yana kallon silin, ya fi su duka sanin ba zai wuce ba. Inci huɗu ne kawai lungun ya rasa, kuma ya tuna ranar da ya share su daga zanen da hannunsa.

Aka mai da shi ɗaki, aka aika a kawo guduma. Rahila kuwa da ta toshe ramin mijinta, siminti mai ƙarfi ta sa aka zuba, don ta ƙudura ba mai sake bi ta nan. Dum. Dum. Ƙura tana zuba masa a fuska. Da unguwa ta ji bugun, tsofaffi suka tashi daga tabarmi, mata suka yafa mayafi, suka taru a bayan ɗakin suka ɗaga waƙar jana'iza, yadda suka saba. Habila yana ji ta cikin bango. Leɓunansa suna motsi, "Ina da rai, ina da rai," amma ba mai ji. Motar da za ta kai shi asibiti tana tsaye a waje, inji a kunne.

Sa'ad da bulo na ƙarshe ya faɗi, haske ya shigo ɗakin, Rahila ta duba shi, ta sa hannu ta rufe masa ido. Ramin da aka fasa domin asibiti, ta nan aka zaro gawarsa.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ga ta. Gidan nan rayuwarka ce, kai ne kake zana ta kowace safiya. Katakon Baba Istifanus kuwa shi ne tunawa da cewa akwai ranar fita, akwai kuma tsayawa a gaban Ubangiji. Ba mai son ɗaukarsa, ni ma da nake faɗa muku ba na so, yana da nauyi, yana da ban tsoro. Amma da shi ake gane ko zane ya yi. Da yawanmu mun shirya yadda za mu shiga aiki, mu shiga aure, mu shiga sabon gida, ba mu taɓa tsayawa mun tambayi ta ina za mu fita ba.

Akwai kuma abin da ya fi ci mini rai. Habila ya matse lungun nan ne domin a tunaninsa ba shi zai bi ta ciki ba. Ai na talaka ne, ya isa haka! Kai tela mai tsuke ɗinki in na marar galihu ne, ke mai awo a kasuwa, kai ma'aikacin ofis da kake cewa tsohuwa ta dawo gobe, har da ni mai wa'azi: sauƙin kuɗi ba laifi ba ne, rage wa mutum daraja shi ne laifi. Allah yana ganin inci huɗun da ka share, ko da ba wanda ya ƙirga.

Yau zanenka toka ne tukuna. Ana iya sa ƙafa a share, a tuba, a sake, Ubangiji kuma mai jinƙai ne, yana karɓar wanda ya koma. Habila ma an ce masa "Koma," yana da sauran shekara ashirin a gaba. Kai ban san nawa suka rage maka ba.