Malam Tanimu da Kwalin Jabun Magani

An yi wani mutum a wani gari, wani bawan Allah ana ce masa Malam Tanimu. Sana'arsa sayar wa masu maɗaba'a takarda da kwali, a ɗan shagon da shi da ƙanensa Barau suka gada wurin mahaifinsu.

To ku saurara. Wata rana wani attajiri ya zo ya ce duk kwalin da ke shagon yana so, kuma kowane wata haka. Malam Tanimu ya loda a kura ya kai da kansa. Yana shiga gidan attajirin sai ya tarar ana ɗura ruwan kala a kwalabe, ana jerawa a kwalaye masu sunan maganin zazzaɓin yara.

Ya ce, "Alhaji, wannan 'ya'yan wa za su sha?"

Alhaji ya ce, "Kai kwali kake sayarwa, Malam. Ina ruwanka da abin da ke ciki?"

Bawan Allah ya juya da kayansa, bai zame ko'ina ba sai wurin hukuma. Amma Alhaji ya san manya, magana ta shiririce. Ya kuma bi masu maɗaba'a ya zuga su, suka daina saye. Damina ta zo ta wuce, kaya na jibge, gara na ci.

Barau ya ce, "Yaya, ka ga abin da ka jawo mana? Gida ko hatsi babu."

Ya ce, "Yi haƙuri, Barau. Ba zan ci tuwo da ran ɗan wani ba."

Jama'a, Allah ba ya barci. Wani likita ya gwada maganin, asiri ya tonu, aka kama Alhaji da wanda ya koma kai masa kwali. Kamfanonin magani na gaskiya suka nemi sanin wanda ya fara kai ƙara. Da ƙafarsu suka zo shagon Malam Tanimu, suka koma sayen kwali a wurinsa. Daga shago sai sito, daga sito sai manyan motoci, har abin ya zama kamfani. Yau jikokinsa da na Barau ke riƙe da kamfanin, har masana'antu suke kai wa niƙaƙƙen itacen da ake yin takarda da shi.

Wanda ya bar haram don Allah, Allah zai musanya masa da mafi alheri. Kai direba, kai mai ba da hayar shago, ka san abin da ake yi da motarka da ɗakinka. In ka taimaka wa mai cuta kana sane, ranar hisabi tare za a kira ku. Allah Ya tsarkake mana abincinmu.