Ya Rufe Fuska, Ya Bar Zane

An yi wani mutum a nan Pemba, ɗan jarida, mai aika wa ƙasashen waje labarin 'yan gudun hijira. Ɗan ƙauye ne kamar ni da ku, amma tun da Turawa suka san sunansa ya daina leƙa gida. Ko bikin ƙanwarsa bai taka ba, wai aiki ya sha kansa.

Ran nan ya je sansanin 'yan gudun hijira na Metuge, ya samu wata dattijuwa, Mwanasa, wadda ta kuɓuto daga yankin da 'yan bindiga suka mamaye. Ta yarda ta faɗi abin da idonta ya gani, da sharaɗin ya ɓoye ta, don akwai sauran mutanenta a can. Ya rantse da Allah zai rufe fuskarta.

Ta ce, "Ɗana, bari in sauya zanen nan tukuna. Na ankon biki ne, za a gane shi."

Ya ce, "Haba Inna, yi zamanki. Ai jan nan shi ke fito da hoto."

Ya 'yan uwa, Bature ne zai ce bai san anko ba. Shi fa? Da zane aka goya shi! Ya sani sarai cewa a ƙasar nan zane ya fi fuska tona mutum. Amma bai ko tambayi bikin wa aka yi ba. Hoto yake so.

Labari ya fita duniya, fuska a rufe, zane tar. Aka yi ta yabonsa, yana ta washe baki.

To, su ma 'yan bindigar suna da waya. Suka gane ankon, suka shiga ƙauyen da aka yi bikin, gida-gida suna zazzage akwatuna. Duk matar da aka samu da zanen, ba ta kwana da rai ba.

Bayan kwana shida ƙaninsa ya iso Pemba a ƙafa, ya jefa masa wani jan ƙyalle a cinya.

"Yaya, ga ankon bikin da ka ƙi zuwa. A akwatin Innarmu suka same shi."

Har yau ɗan jaridan yana nan bakin kasuwar kifi, ba takalmi, yana tare mata yana roƙonsu su sauya zane.

Wallahi amana ba wasa ba ce. Wanda yaƙi ya kora, in ya ba ka labarinsa, ransa ya damƙa maka, da na waɗanda ya baro. Ka sayar da shi don a tafa maka? Tir!

Allah ya kiyaye mu da cin amanar masu rauni, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu. Amin.